Hannun Geesje

Muna layin sayen biredi Roelie ta kamo hannun Geesje, ta naɗe mata hannun riga, sai ga tabon kwanciyar jini.

"Wannan ma ƙofa ce ta buge ki, ko?"

"Maganin tsinka jini ne, Roelie. Ko jakar cefane na rataya sai jini ya kwanta."

"To, Allah ya sawwaƙe," in ji Roelie, tana kallon sauran mata ta gefen ido.

Zuciyar Geesje ce ba ta bugawa daidai. Likita ya ce muddin ta bar ƙwayar, jini na iya dunƙulewa ya toshe mata ƙwaƙwalwa. Bango ɗaya ne tsakanina da ita da mijinta Harm, bangon da ko tari ka yi sai an ji, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Amma Harm tsohon mahauci ne, ga manyan hannuwa, ga shi dariya ba ta dame shi ba. Abin nema ya samu, aka ce dukanta yake yi. Na faɗi abin da na sani har bakina ya gaji, aka ce kare shi nake yi.

Aka daina amsa gaisuwarsa. Abokan kartarsa suka ce tebur ya cika. A coci, bencinsu ya zama nasu su kaɗai.

Da zafi ya shigo na gan ta tana shanya, da riga mai gajeren hannu.

"Maƙwabciya, duba," ta ce, ta miƙo hannuwa ta saman shinge. Fes, ko ɗigo babu.

"An canja miki magani ne?"

"An canja," ta ce, ta koma kan shanyarta.

Kullum yamma ta riƙa zaga layi da Harm, hannunta a waje. Roelie ta tare ni a wurin ajiye keke.

"Kin gani? Tun da muka sa masa ido ya shiga taitayinsa."

Wata safiya suna karyawa kofi ya suɓuce wa Geesje, bakinta ya karkace. Ba ta sake magana ba har ta cika a asibiti.

Harm ya shigo mini da gwangwanin maɓallanta, ya buɗe. Ƙwayoyin maganinta ne cakuɗe da maɓallai.

"Ni nake miƙa mata, maƙwabciya. Da ruwa. Har godiya take yi."

Har yau haushin mutanen layin nan bai bar ni ba, nata ma bai bar ni ba.

A falonsu aka kwantar da ita, cikin rigar nan mai gajeren hannu. Roelie ta kawo kek, ta leƙa akwatin gawar, ta ce ta yi kyau. Da kowa ya watse, Harm ya ja kujera kusa. Ya ɗora yatsunsa a kan hannunta a hankali, yadda ya saba, don kada ya bar shati.