Ƙofar da Babu a Tsohon Hoto

Mai hoto yana da ƙa'ida guda da ba ya saɓawa: in za a ɗora hoto kan hoto, sai an sami abu uku da ba sa motsi. Mutum yana tsufa, bishiya tana girma, amma tsauni yana nan inda aka bar shi. Da wannan ƙa'ida ya karɓi aikin gidan tarihi. Babban allo suke so a kafa a bakin kufan da ke bayan gari, wurin da baƙi ke yankar tikiti. Gefe guda kufai yadda yake yau, ɗaya gefen zanen da masana suka yi na birnin lokacin da yake da rai, a tsakiya kuma wani tsohon hoto da wani matafiyi ya ɗauka shekara casa'in da suka wuce.

Safiya biyu ya yi yana jan ƙafafun kyamara cikin ƙaya kafin ya gano daidai inda matafiyin ya tsaya. Da ya koma shago ya sallami masu hoton fasfo, sai ya ɗora sabon hoto kan tsohon a kwamfuta. Ya daidaita kan tsauni, ya daidaita bakin rijiya, ya daidaita ginshiƙin nan da ya karkace. Ukun suka zauna daram, kamar tukunya da murfinta. Sannan ya shiga dusashe sabon hoton a hankali, tsohon yana fitowa.

Ƙofar ta ɓace.

Ƙofar dutse mai baka, wadda ke jikin tikiti, wadda kowane baƙo ke tsayawa ƙarƙashinta a ɗauke shi, wadda aka ce ta shekara ɗari bakwai. A tsohon hoton babu komai a wurin sai tarin duwatsu da wata akuya a kai, tana kallon matafiyin kamar ta san wani abu.

Ya koma kan sabon hoton ya ƙara wa ƙofar girma har ta cika fuskar kwamfuta. A tsakanin kowane dutse da ɗan'uwansa akwai wani siririn kwari mai santsi, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ya san wannan lanƙwasar. Wata bakwai ya yi yana zama gindin wata katanga mai irinta, lokacin da yake neman aure, yana ƙirga duwatsu don kunya ta hana shi ɗaga kai. Magini ɗaya ne a garin yake gama aikinsa da bayan cokalin cin abinci, kuma 'yarsa mai hoto yake aure.

Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Akwai doka kan taɓa kufai. In ya fitar da hoton, ya tona asirin surukinsa, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya. In ya ɓoye, ya sa hannu a ƙaryar da za a kafa da ƙarfe da siminti.

"Ikon Allah," in ji matarsa da ya gaya mata. "Kai da ke goge wa amare ƙuraje, ka ƙara wa angwaye tsawo, yau gaskiya ce ta hana ka cin abinci?"

"Wannan daban. Amarya ta san tana da ƙuraje."

"To, tashi ka je ka tambayi Baba. Ni dai ban taɓa jin ya ambaci wata ƙofa ba."

Ya tarar da tsohon a ƙofar gida yana gyara ƙafar kujera. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya miƙa masa hotunan biyu, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ba wanda ya gani sai ni. In ka ce a ɓoye, an ɓoye."

Tsohon ya kai hoton kusa da hancinsa. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Akuyar nan ban same ta ba. Duwatsun dai na same su. Shekara arba'in da shida, yaro! Sai yau aka sami mai ido."

Ya ce ɗaukarsa aka yi ya kwashe tarin ya zuba a kwazazzabo, don a yi wa baƙi hanya. Da ya ɗaga dutsen farko ya ga sassaƙarsa, sai hannunsa ya ƙi. Mai kula da aikin ya kwanta jinya, shi kuwa ya yi kwana goma sha ɗaya yana jera su yadda suka fi son zama. Ranar da mai kula ya dawo da niyyar rushewa, ranar wasu manyan baƙi suka iso, suka tsaya gaban ƙofar suna jinjina wa mutanen da. Daga nan bakin kowa ya mutu.

"Na gina gidaje sun fi sittin, ba wanda aka taɓa ɗauka hoto. Guda ɗaya da duniya ke zuwa gani, an ba wa matattu. Ɓoyewa kuma? Gobe ka kai ni wurin masu gidan tarihi. In ɗauri ne a ɗaure ni, amma a rubuta ni na gina ta."

Mai hoto ya koma gida da sauƙi a ransa. Ashe gaskiya da surukinsa hanya ɗaya suke.

Washegari suka shiga ofishin shugaban gidan tarihi, tsohon cikin rigarsa mafi kyau, da tsohon cokali a aljihu. Shugaban ya kalli ƙofar tana ɓacewa tana dawowa har sau uku.

"Tsohon hoton ya lalace," in ji shi. "Danshi ne ya cinye wurin."

"Ranka ya daɗe, akwai akuya a wurin. Danshi ba ya zana akuya."

"To, cire akuyar ka mayar da ƙofar. Ba sana'arka ba ce?"

Tsohon ya miƙe ya ce shi ya gina ta, ya faɗi shekara, ya faɗi wata, ya ajiye cokalin kan tebur. Shugaban ya sa aka kawo masa ruwan sanyi.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bara ma wani dattijo ya zo ya ce kakansa ne ya haƙa rijiyar. Littafi uku aka rubuta kan ƙofar nan. Wannan kwarin da ke tsakanin duwatsu, babi guda aka yi a kansa, har yau masana ba su gano da wane irin ƙarfe mutanen da suka yi shi ba."

"Ga shi nan gabanka."

"Wannan ai cokali ne, Baba."

Mai hoto ya ce shi kam ba zai taɓa tsohon hoton ba. Shugaban ya ce ba damuwa, dama allon ya yi cunkoso: a mayar da hoton akwati, a bar biyun. Suka kama hanyar gida. Tun da mai hoto ya san tsohon bai taɓa ganin ya kama bango wajen hawa matakala ba sai ranar.

A zanen masana akwai ƙananan mutane suna aiki gindin ƙofar, an sa su don a ga tsayinta. Ɗaya yana kan tsani, fuskarsa ba ta wuce ƙwayar wake ba. Mai hoto ya daɗe yana kallonsa. Ya ƙi yin ƙarya, gaskiya ta koma akwati. Sai ya aika gida matarsa ta lalubo masa hoton mahaifinta na ƙuruciya. Ya yanko fuskar, ya rage mata haske, ya ɗora wa na kan tsani, ya zare gudumar da ke hannunsa ya sa masa cokali. Bai taɓa yin jabu mai tsabta kamar wannan ba. Shugaban ya duba, ya sa hannu, har ya yaba.

Ranar da aka kafa allon, fuskar ta kai tafin hannu. Mai zagayawa da baƙi ya tsaya gabansa da ayarinsa, yana nuna mutumin kan tsani da sanda.

"Ku dubi magina na da. Irinsu sun ƙare, yanzu sai 'yan kwaɓa siminti."

Tsohon yana bayansu, hannu a baya. Da suka wuce ya matsa, ya kai hancinsa kusa da allon, ya daɗe a haka. Mai hoto yana gefe yana jira, bai san ko godiya zai sha ko faɗa ba.

"Shekara nawa kake shiga gidana?" in ji tsohon, bai juyo ba.

"Goma sha tara, Baba."

"Goma sha tara, kana ɗaukar hoto, ba ka san ni bahago ba ne? Ka sa mini cokali a hannun dama. Gobe ka zo ka gyara, kada mutane su ɗauka ƙarya ce."