Ciyawar da Ba Ta da Dangi

"Karanta mana, Mai Rediyo, ko Turancin ne ya shaƙe ka?"

Ina tsaye a bakin gadonsa, wasiƙar na hannuna. Na riga na karanta ta sau biyu a ƙofar gida. Shagona na gyaran rediyo yana jikin katangar Baba Mai Ganye, kuma tun da idonsa ya mutu ni nake yi masa karatu.

Shekara arba'in ya yi a ɗakin ajiyar tsirrai na wata jami'a. Shi ba malami ba ne. Aikinsa ya danne ganye a cikin tsofaffin jaridu, in ya bushe ya liƙa a kwali, ya sa kowanne a cikin 'yan'uwansa. Shi ya koya mini cewa masana suna jera halitta kamar zuriya, daga babban gida zuwa dangi, daga dangi zuwa jinsi, har a sauko kan nau'i guda. Auduga da kuɓewa, in ji shi, dangin juna ne, furensu ke tona musu asiri.

Kwali ɗaya ne ya ƙi shiga ko'ina. Wata 'yar ciyawa ce da ya tsinka a inuwar katangar maƙabarta, shekarar da matarsa ta rasu. Ba fure a jikinta, ganyenta kuma bai yi masa kama da na kowa ba. Ya sa wa ransa sabon nau'i ce, ya rubuta mata sunan marigayiyar da fensir. Ƙa'idar aikinsu ke nan: suna yana zama da fensir har sai masana sun tabbatar, sannan a sa tawada. Shekara goma sha ɗaya tana ita kaɗai a kan durowoyin tsirransa na gida kafin ya yarda 'yarsa ta aika musu da reshe.

Amsarsu ce a hannuna, layi huɗu. Sananniyar ciyawa ce daga dangin auduga, an daɗe da raɗa mata suna. Inuwa ce ta tsumburar da ita.

Likita ya gaya wa 'yarsa kwanaki suka rage. Na dubi ƙirjinsa yana hawa da ƙyar, na tambayi kaina wa gaskiyar nan za ta amfana.

"Sun ce sabuwa ce, Baba."

Hawaye ya gangara cikin kunnensa. "Kin ji ko, uwar yara," ya ce a hankali. Sai ya ɗaga yatsa. "Alƙalamin tawada na cikin gwangwani. Hannuna ya ƙi, rubuta mini."

Na ɗauko kwalin, na buɗe alƙalamin, na kasa. Bakina ya iya ƙaryar, hannuna bai iya ba. Na lallaɓa na zaro fensir, na bi kan tsohon rubutun, tun da ba gani yake yi ba.

"Fensir ke nan."

"Baba..."

"Shekara arba'in ina jin ƙararsa, kai da kake gyaran sauti za ka yi mini wayon kunne? Karanta abin da suka rubuta."

Na karanta, ban tsallake ko kalma ba. Da na gama, na matso in duba numfashinsa.

"Ashe tana da 'yan'uwa," ya ce. "Ni na tsare ta ita kaɗai. Goge sunan, ka sa nata na gaskiya. Da tawada. Durowa ta uku, bayan kuɓewa."

"In bar sunan Mama ko a gefe ne?"

"Ba wurinsa ba ne."

Na goge. Ya miƙo tafin hannu, na kakkaɓe masa ɓurɓushin gogewar a ciki, ya dunƙule.

Rana ta uku da hantsi ya cika. Har yau ban san wanne ya fi cutar da shi ba, ƙaryata ko gyaranta.

Bayan mako guda 'yarsa ta leƙo shago, idonta a kumbure. "Kawu, jami'a za su kwashi durowoyin. Ka zo ka nuna musu tsarin."

Na rufe shagon. A bakin kwata, daidai inda nake taka ƙafa kullum, ciyawar ce tsaye cikin rana, ta fitar da ɗan fure ruwan ɗorawa.