Injin Baba a Barandata

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don maigidana, Baban Hasna, ya ce idan mutanen Sentul, unguwarmu a nan Kuala Lumpur, suka karanta, ba zai ƙara iya zama a mamak, wato shagon mai shayi na nan, ya sha shayi cikin mutunci ba. Da na ce to na fasa, sai ya ce a'a, in rubuta, amma in faɗi cewa turbo ɗin mai kyau ne. To, na faɗa.

Ranar Asabar ce da hantsi. Ina baranda ina kwashe masa daga tanda, sai na ji muryar Maitama a falo. Abokin maigidana ne, tare suke tura kayan ɗalibai gida a kwantena.

"Abdulgani, kuɗin gareji ne zai karya mu. Cire shi kawai lah."

"In na cire, a ina za mu haɗa injin? A tsakar kaina?"

Can sai ga kan Maitama ya leƙo.

"Uwargida, sannu da aiki."

Ba ni yake kallo ba. Faɗin barandar yake aunawa da ido, daga bango zuwa ƙarfe.

Kicin ɗinmu, in mutum ya juya sai ya bugi firiji, kuma hayaƙi kaɗan ƙararrawar gobara ta fara ihu. A barandar nan nake suya kullum, ɗalibai suna hawowa su yi tapau, wato su saya in ƙunshe musu su tafi da ita. Ba na jin Turanci sosai, Malayancina bai wuce na cefane ba. Masu sayen masar nan su ne mutanena a garin nan.

Abin da ya jawo duk wannan, wata tsohuwar a-kori-kura ce mai dizal da maigidana ya saya da arha a hannun wani mai kayan lambu. Burinsa ya ƙara wa injin ƙarfi da turbo, na'urar da ke tura wa inji iska, ya tura wa mahaifinsa, Baba, can Bichi, don kwaso masara daga gona ko da hanya ta caɓe.

Suka koma falo suka ci gaba, ina ji.

"Fistin ba za mu taɓa shi ba, lafiyarsa ƙalau," in ji maigidana. "Gasket sabo, nozul sababbi. Turbo kuwa na gwanjo, mu je wurin masu yanka motoci mu zaɓo babba."

"A buɗe masa mai sosai," Maitama ya ce. "Ina so in ta taka, duk Bichi ta yi duhu da hayaƙi."

"Masara za ta ɗauko, ba gasar tsere za ta je ba. Ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, inji ya dahu. Lagireto za mu canza tukuna."

"Kai dai matsoraci ne. Ƙarfin doki nawa za ta yi?"

"Dokin da aljihuna zai iya ciyarwa."

Ni ban saba magana a gaban abokan maigida ba, bakina nauyi yake yi. Sai na kai musu masa gaya, babu miya babu ƙuli. A gidanmu, in mace ta yi haka, an san akwai magana. Maitama ya cinye tas, ya ce ai haka ta fi daɗi, ana jin ɗanɗanon shinkafar.

Bayan la'asar, lokacin hantsi ne a gida, suka ce a sauka a nuna wa Baba motar ta waya. Tana ajiye a filin bayan bene. Ni aka ba wayar in riƙe, don su samu hannun nuni.

Baba tsohon direban babbar mota ne, idonsa kuma bai mutu ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka, sannan maigidana ya buɗe gaban mota ya fara bayani. Nan turbo zai zauna, nan abin sanyaya iska. Baba yana ta cewa madalla.

"Halimatu 'yata, zagaya da ni in ga ciki."

Na zagaya.

"Tsaya. Kai Abdu, sitiyarin nan me yake yi a wurin zaman yaron mota?"

Maitama ya yi caraf ya ce, "Baba, kamara ce, juya hoto take yi."

"To. Shiga ka zauna, ka miƙe hannun da kake cin tuwo da shi."

Maitama ya shiga ya zauna da ƙarfin gwiwa, ya miƙe hannun dama. Sai ga hannun ya fito ta taga.

Sun daɗe a Kuala Lumpur, inda sitiyari yake dama, har idonsu ya daina ganin abin.

"Ina yaron mota aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan," Baba ya ce. "Ku kuma yanzu za ku dawo mana da na da. In ta wuce tashar jirgin ruwa ma, wa zai leƙa mini in zan wuce tirela? Ko Maitama zai dawo ya zauna gefena?"

Na rufe baki da hijabi, amma dariyar ta ƙi zama. A raina na ce baranda ta tsira.

"Wa ke girgiza ni haka?" in ji Baba.

Maigidana ya ce a hankali, "Juya sitiyari zai cinye kuɗin turbo da na lagireto gaba ɗaya."

"To wa ya ce ku juya? Inji babu ruwansa da hagu da dama. Ku haɗa shi ku turo mini shi kaɗai. Akwai irinta a garejin Abdulwahidu, injinta ya buga, jikin garau."

"Boleh! Zai yiwu!" Maitama ya daka tsalle har ya bugi rufin mota. "Ka ga, Abdulgani? Baranda ta ishe mu!"

Dariyata ta koma ciki.

Bayan magariba, da muka rage mu biyu, na ce, "Baban Hasna, ni a ina zan yi suya?"

"Ɗan lokaci ne fa."

"Ɗan lokacinku kai da Maitama, na san tsawonsa."

Ya sosa ƙeya, ya ce zai yi tunani. Ya ɗauki waya ya koma kallon hotunan turbo.

Washegari da sassafe na share barandar na bar musu ita fes. Na sauke tanda da tukunyar gas da robar ƙullu a lif, na wanke bayan a-kori-kurar, na shimfiɗa tabarma na hau. Na aika wa ɗalibai saƙon murya cewa yau ba sai sun hau bene ba.

Layi ya fara tsawo sai ga su sun sauko da akwatin sifana. Maigidana ya ja ya tsaya.

"Halimatu, mene ne haka? Yau fa za mu fara kwance injin."

Maitama yana tsaye a gefensa, ɗalibai duk sun zuba ido. Ban ɗago kai ba, na juya masar da ke tanda.

"Ku kwance, gaban motar naku ne," na ce. "Amma ku bi jak ɗin nan a hankali. In motar ta karkata, mai zai zube mini."