Gishirin Awaki

Tunkiya ta huɗu ke nan da ta mutu a garken Baba cikin kwana uku, kuma ita ce ta farko da ya yarda a buɗe cikinta.

"Ki duba da kyau, Uwata," in ji shi, yana tsaye a kan 'yarsa da hannu a baya. "Shekara shida kina karatun dabbobi. Yau nake son in ga amfaninsa."

Likita, 'yar tasa, ta naɗe hannun riga. Ta sa safar hannu, ta durƙusa a kan buhun da aka shimfiɗa a bayan garke, ta tsaga. Shekararta uku a cibiyar binciken lafiyar tumaki da awaki, gawar dabbar da ta buɗe ta fi ɗari, hannunta ya saba tuntuni. Kitsen ciki ta fara gani, ya yi rawaya kamar an zuba masa kala. Hanta ta kumbura. Ta zura hannu can ƙasa ta ciro ƙoda.

Baƙa wuluk, tana sheƙi kamar bakin bindiga.

Ta jujjuya ta a tafin hannu. Sau ɗaya ta taɓa ganin irin wannan ƙoda, a hoto, a ajin ƙarshe. Sinadarin jan ƙarfe ne ke yin haka. Akuya tana ɗaukarsa, ta lasa ta yi ɓulɓul. Tunkiya kuwa hantarta tara shi take yi, mako bayan mako, tana kiwo lafiya ƙalau, sai rana ɗaya ya fashe cikin jininta ta faɗi.

"Guba ce ko?" Baba ya sunkuyo. "Na gani a fuskarki. Ai na faɗa! Mai lambun nan ne. Tun ranar da tumakina suka shiga suka cinye masa kabeji ya ce zan gani. Jiya na tare shi a bakin titi na wanke shi tas a gaban jama'a. Yau kuwa sai ofishin 'yan sanda, ke ce shaidata."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta yana kan kwamin abinci da ke tsakiyar garke. A cikinsa akwai jan dunƙulen gishirin lasa, an lashe tsakiyarsa har ya yi rami. Tumaki biyu da akuya ɗaya sun haɗa kai a kansa, suna ture juna.

Gishirinta ne. Ita ta haɗa shi da hannunta a ɗakin gwaji, don awakin da gashinsu ke koɗewa suna ramewa. Wata uku da suka wuce ta zaga gida arba'in da biyu tana raba shi, tana cike takarda. Awaki nawa gare ku? Nawa ke da ciki? Nawa suka mutu bara? Ita ta tsara takardar, kuma babu layi ko ɗaya a cikinta da ya tambayi tumaki. A cibiya, ɗakin awaki daban, na tumaki daban, da katanga a tsakani. Ita da ta tashi a gidan nan, ta share garken nan da tsintsiya tun tana 'yar firamare, ta manta cewa a gidajen mutane kwami ɗaya ne.

Ta miƙe da gudu, ta tsallake shinge, ta fizge dunƙulen daga bakin dabbobin.

"Ke lafiya?" in ji Baba.

"Ina zuwa, Baba."

Ta fita ƙofar gida inda motar cibiya ke tsaye. Direba ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula. Da ya ji ƙarar ƙofa ya ɗaga hular, ya ga jini har gwiwar hannunta.

"Likita, tunkiyar kika yanka ko tsohon?"

Kallo ɗaya ta yi masa ya gyara zama. Ta cire safa, ta kira shugabanta.

Farfesa ya saurare ta bai katse ta ba.

"Kin tabbata?" ya tambaya.

"Ƙodar tana hannuna yanzun nan, ranka ya daɗe."

"Ido ba gwaji ba ne. Ki yanko hanta da ƙoda ki sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji. Kwana goma sakamako zai fito. Kafin nan kada ki ce wa kowa komai."

"Tumakin ba su da kwana goma. Yanzu haka suna lasa."

"Saurara, 'yata. Shekara takwas muka yi kafin mutanen nan su yarda su buɗe mana garkensu. In kika fita kika ce kayanmu ne ke kashe musu dabbobi, ko allurar rigakafi ba za su ƙara karɓa a hannunmu ba. Kuma sunanki ne a kan takardar haɗin. Ba nawa ba. Ki yi tunanin aikinki."

Ya kashe. Ta tsaya da wayar a kunne, tana jin kukan tumaki ta bayan katanga.

"Ni dai direba ne," in ji direba a hankali, "amma mai ya cika tanki. Ko da wani yana son sani."

Da ta koma ciki, Baba ya riga ya sa takalminsa na fita, yana gyara hula.

"Wanke hannunki mu tafi."

"Baba, ba mai lambu ba ne."

"To wane ne?"

Ta ɗaga jan dunƙulen. "Wannan ne. Na awaki ne kaɗai. Tumaki guba ne a wurinsu. Na san haka, an koya mini, amma ban faɗa wa kowa ba, don ban tuna ba. Ni na kashe maka tumaki."

Baba ya dubi gishirin, ya dubi gawar da ke kan buhu, ya dube ta. Ta jira tsawa. Ta san muryarsa, ana jin ta har layi na uku. Maimakon haka sai ta ga ya zauna daɓas a bakin kwami, hular ta faɗo kan cinyarsa.

"Innalillahi," ya ce, kusan ba a ji. "Innalillahi."

"Ka yi haƙuri, Baba. Yanzu zan bi gida arba'in da biyun, ina da sunayensu a mota. Kafin rana ta faɗi na kwashe duka."

"Arba'in da biyu?" Ya ɗago kai. "Uwata, buhun nan da kika bar mini, wanda kika ce ragowa ne in ajiye miki..."

"Yana ɗakin ajiya."

"Babu ko ɗaya."

Ta matso kusa da shi.

"Awakina sun yi kyau, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambaya. Ni kuma in ce aikin 'yata ne, likita ce. Sai in ɗauko gatari in fasa in ba mutum. Kawunki ya kwashi uku. Mahaucin bakin kasuwa biyu. Gwaggonki ta aiko, na aika mata. Wasu ma da na ba, sun fasa sun ba wasu." Ya riƙe kai da hannu biyu. "Duk wanda ya yaba sai na ba shi. Ina ta fankama."

"Mutum nawa, Baba?"

"Wa ya ƙirga?"

Dunƙule talatin ne a buhun. In an fasa kowanne gida huɗu, gida nawa ke nan? Babu sunansu a takardarta, babu su a taswirar cibiya. Mutum ɗaya ne a duniya ya san inda suka shiga, ga shi nan zaune a bakin kwami.

Ta ciro waya ta rubuta wa Farfesa layi biyu: za ta fara zagaye yanzu, za ta gaya wa kowa gaskiya, a shirya maganin da ke rage sinadarin a hanta. Ta tura kafin zuciyarta ta hana ta. Wayar ta fara ruri nan take. Ta jefa ta aljihu.

"Tashi, Baba. Kai za ka zauna a gaba."

Ya miƙe a hankali, kamar wanda ya tashi daga jinya. Amma da suka fito bai nufi mota ba. Ya tsaya yana kallon koriyar ƙofar da ke tsallaken titi.

"Shi ma na ba shi," ya ce. "Kafin rigimar kabeji. Rabi guda. Tumakinsa tara."

Suka tsallaka. Baba ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, hannun ya tsaya a sama. Ita ta ƙwanƙwasa.

Mai lambu ya buɗe, ya ga wanda ke tsaye, ya tare ƙofar da jikinsa.

"Ka zo da 'yan sandan? Ko zagin jiya ne bai ƙare ba?"

"Na zo da mai laifin," in ji Baba, muryarsa tana rawa. "Mu biyu ne. Zagin da na yi maka, ka rama a bakin titi, in tara maka mutane da kaina. Amma yanzu matsa, don Allah, ka bar yarinyar nan ta shiga garkenka."

Mutumin ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Likita ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta wuce. Rabin dunƙulen yana rataye da igiya a jikin turke, ya kusa ƙarewa. Ta tsinke igiyar, ta kama tunkiyar da ta fi kusa, ta ja fatar idonta ƙasa. Ja ne, lafiya. Ta biyu ma haka. Ta uku tana kwance a inuwa, ba ta ko motsa ba da aka taɓa ta. Cikin idonta ya yi rawaya.

"Wannan sai an yi da gaske," ta ce wa mai lambu, wanda ya biyo ta yana rarraba ido. "Takwas ɗin ina sa ran za su tsira. Kada a kora su kiwo mai nisa, kada a tsorata su. Zan dawo da magani. Ni na jawo maka, zan yi maka bayani duka."

Wayar tana ta ruri a aljihunta. A waje direba ya tayar da mota, kuma ta ji muryar Baba ta dawo daidai, yana ba shi umarni ta taga.

"Gidan mahauci tukuna, tumakinsa sun fi yawa. Ka bi ta bayan makaranta, ya fi kusa. Uwata! Yi sauri!"