Man Kanumfari a Harshen Yaya

Tun daga ƙofar asibiti Auta take tafasa. Jaririyarta na ciki a kwance, an zura mata siririyar roba ta hanci ana ɗura mata nono, don bakin ya kasa kama mama.

Da farko abin bai taka kara ya karya ba. Wani farin abu ne ya shimfiɗu a harshen yarinyar, fangas ɗin nan da ke damun jarirai. Sai yayan Auta, mai kemis a bakin titi, ya ce wane irin asibiti ana zaune ƙalau. Ya gani a waya cewa man kanumfari na kashe fangas, shi kuwa in ya karanta layi biyu ya zama farfesa. Wurin da aka ce ba a sa shi tsagwaronsa, balle a bakin jinjiri, bai kai can ba. Ya ɗura a ƙananan kwalabe, ya ba ƙanwarsa ɗaya ta goga da auduga. Ta goga. Kafin ta rufe kwalbar bakin yarinyar ya saluɓe.

Yayan ko dubiya bai zo ba. Wannan ya fi komai ci mata rai, ta rantse sai ya ɗanɗana.

Ta iske kemis ɗin cike, yana tallata kwalaben ga wata mai goyo.

"Daga itace aka tatso shi, ko ɗan yau ba ya cutarwa," in ji shi. Sai ya hango ƙanwarsa. "Auta, ya jikin 'yar tawa?"

"Da sauƙi, Yaya." Ta ciro kwalbarta, ta jiƙa auduga sharkaf, ta miƙa masa. "Nuna wa baiwar Allah yadda ake gogawa. A harshenka."

"Haba, ni ai lafiyata lau."

"To tsoron me kake? Kai ka ce ba ya cutarwa."

Ido duk ya koma kansa. Girman kai ya hana shi ja da baya, ya karɓa ya goga har ganda. Nan da nan hawaye suka ɓalle masa, ya dafe teburin shagon yana fifita baki da hannu, yawu na dalala a rigarsa. Mai goyon ta ajiye kwalbar da ta ɗauka, ta fice.

"Ruwa, Auta, ruwa!"

Ta tsaya tana kallonsa, ko ɗigon tausayi ba ta ji ba.

"Ruwa ba ya wanke shi, Yaya," ta ce. "Na gwada mata har hannuna ya gaji."