Haƙoran Auta

Shekara huɗu Inna ba ta ga fuskar autanta Ashafa ba, kuma Raki ce ta tare tsakaninsu da ƙarya. Raki babbar yayarsa ce, akanta a Birmingham, mace mai tsoron Allah da ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Amma a kan ƙanin nan nata ta zama gwanar shirya zance. Duk Juma'a Inna za ta kira daga Bichi ta ce a haɗa ta da yaron nan a bidiyo. Yau kyamarar wayarsa ta fashe, wani satin babu sabis a Manchester, sai ka ce wani ƙauye ne a bayan dutse. Murya kawai Inna ke samu, ita ma a gajarce.

Ashafa karatun injiniya ya zo yi a Manchester. Da tallafin karatun ya tsaya, sai ya kama aikin lodin kwalaye a wani sito a Cheetham Hill, ya fito aiki ya wuce aji. A can wani abokin aiki ya miƙa masa wani abu kamar gutsattsarin alif, ana ƙona shi a zuƙi hayaƙin, wai yana korar barci. Kiristal met suke ce masa. Ya kori barcin kuwa, ya haɗa da karatun da aikin, ya bar yaro yana zagaye ɗaki yana soshe-soshe, yana cewa ƙwari ne ke yawo a ƙarƙashin fatarsa.

Da kyar da jiɓin goshi ya daina, kuma yanzu ya shekara biyu bai koma ba. Raki ta ɗauka dainawar ce ƙarshen magana. Ashe abin nan ko ka sake shi ba ya sakinka. Zuciyarsa ta kumbura, sai ya huta a kan matakala kafin ya kai ɗakinsa na Ardwick. Hannunsa na rawa. Zai ɗora ruwan shayi ya manta, ya tambaye ta abu ta amsa, an jima ya sake tambaya. Kumatunsa duk tabon susa ne. Haƙoran kuwa, bushewar baki da cizon da ya riƙa yi cikin maye sun sa sun yi baƙi suna ɓarɓashewa ɗaya bayan ɗaya, har likita ya cire guntayen da suka rage. Yaro ɗan shekara talatin da ɗaya, baki ya lotsa kamar na kakansa. Ranar da Raki ta fara ganinsa haka, sai da ta shiga jirgin ƙasa na komawa sannan ta yi kukanta, tun daga tashar Piccadilly ta Manchester har New Street ta Birmingham.

Lokacin kuma gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Cibiyar da yake zuwa ana ba shi shawara an rufe ta, layin masu jiran haƙoran roba kuwa ba a ganin ƙarshensa. Ashafa bai damu ba, don ba ya fita balle ya yi wa wani murmushi. Kunu da ayaba sun ishe shi.

Ana nan sai Aishatu, matar ɗan'uwansu da ke kula da Inna, ta kira Raki. Hawan jinin ido ya cinye idon Inna na hagu, na daman ma yana rufewa daga gefe, likita ya ce da wuya ta kai babbar Sallah tana gane fuska. Aishatu ta ce, "Yaya, Inna ta ce in gaya miki ita ba digiri take nema ba. Fuskarsa kawai take so ta gani kafin duhu ya rufe."

Raki ba ta tsaya jiran layi ba. Ta ɗauko Ashafa ta kai shi wurin wata likitar haƙori mai zaman kanta a kusa da gidanta na Ladywood. Baturiyar mai kirki ce, ta auna bakin, ta baje musu samfura kala-kala. Raki ta zaɓi farare masu jeruwa reras, tana ganin tunda za a yi, a yi mai kyau.

Ranar Asabar da hantsi ta isa Ardwick da sabuwar shadda da hula zanna. Ta zaunar da shi kusa da taga, ta ciro hodarta tana shafe masa tabban kumatu.

"Yaya, sai ka ce amarya," in ji shi. Haƙoran suna sa maganarsa fita da ɗan fito.

"Rufe mini baki. In ta tambayi jami'a ka ce kana final year. Kar ka yi dogon bayani, please."

"Idan na manta fa?"

"Ina nan kusa da kai."

Raki ta yi kiran bidiyon, ta ba shi wayar ya riƙe. A can Bichi Aishatu ta ɗaga ta miƙa wa Inna. Tsohuwar ta kawo ta dab da fuskarta, har ba a ganin komai a gilashin sai ido ɗaya da gefen mayafi.

"Auta."

"Na'am, Inna. Ina kwana?"

"Ka rame."

"Sanyin garin ne, Inna, ga karatu."

Idon ya yi ta yawo a kan fuskarsa, daga hula zuwa haɓa. Raki na gefe tana salati a zuci, tana jin kamar an kusa haye ruwa.

"Yi mini dariya in gani," in ji Inna.

Ashafa ya buɗe baki ya yi murmushi, haƙora farare tas.

"Ina wushiryarka?"

Ashafa da wushirya aka san shi, irin ta marigayi Babansu, wadda 'yan matan unguwa suka riƙa tsokanarsa a kanta tun yana firamare. Baturiya ba ta san da ita ba, kuma a wurinta rata tsakanin haƙora aibu ne da ake toshewa. Amma Raki fa? Ita da ta goya shi? Ta daɗe tana kallon ruɓaɓɓen baki har ta manta yadda mai lafiyar yake. Wannan mantuwar ta fi komai yi mata ciwo.

Ta matso da sauri. "Inna, ai a nan likitoci suna da wani gyara da suke..."

"Rakiya, ki yi mini shiru. Shekara huɗu ina karɓar zancenki don na san ba da mugunta kike yi ba. Yau ba ni da idon da zan ɓata a kansa." Ta numfasa. "Auta, abin nan da ke bakinka, yana fita?"

Ashafa ya dubi yayarsa.

"Yana fita, Inna."

"Cire."

Ya sa yatsu ya zaro na sama, ya zaro na ƙasa, ya ajiye a kan cinyarsa, a kan sabuwar shaddar. Leɓunansa suka faɗa ciki. Daga can aka ji Aishatu ta yi salati ta fashe da kuka.

Inna ba ta tambayi me ya faru ba. Ta ce, "Na farkonsu da zazzaɓi ya fito. A bayana ka kwana, na hana kowa taɓa ka. Babu ɗaya a cikinsu da ban san fitowarsa ba."

"Inna, ki yafe mini. Ni na..."

"Wannan maganar kunne ce, kunnena kuwa lafiyarsa lau, za mu yi ta daga baya. Yanzu ka tsaya cak. Hoton yana ta rawa."

Ba zai iya ba. Hannun ya ƙi tsayawa, ya tallafe shi da ɗayan, duka biyun suka ci gaba da karkarwa. Raki ta durƙusa a gabansa ta karɓi wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu daidai fuskarsa, a inda hasken taga ya fi faɗowa, inda hodar ba ta rufe komai ba. Hawaye na zubo mata har cikin wuya, ba ta da hannun sharewa.

"Yauwa," in ji Inna. "Matso da ita kaɗan, Rakiya. Wannan fuskar ce zan zauna da ita."