Ƙudan da Na Ba Maƙwabcina

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da ilimin halittu, kuma duk ɗalibin da ya ratsa ajina ya san ni da zancen gizo-gizo. Na bakin rafi sauro yake ci, wani ma har ɗan ƙaramin kifi yake cafkewa. Na gona, fara da malam-buɗe-littafi. Na ɗakin ajiya kuwa asu da 'ya'yan kyankyaso. Amma ban taɓa koyar da abin da gizo-gizo zai ci a hawa na bakwai ba.

Nan 'yata ta kawo ni bayan rasuwar mahaifiyarta. Gida tsaf, tagogi da raga, ko'ina ƙal-ƙal. Ita da mijinta su fita tun safe, sai yamma liƙis. Ni da bango da agogo. Wallahi kewa ta ci ni, har da firij nake hira.

Wata safiya na hango wani gizo-gizo a bayan kabad: siriri, mai dogayen ƙafafu, ya kafa 'yar yanarsa.

Na ce, "Kai kuma wa ya yaudare ka ka hawo nan? Ko kai ma 'yarka ce ta kawo ka?"

Na laƙaba masa Maƙwabci. Kullum nakan ja kujera mu wuni, ina ba shi labarin matata, bai taɓa duban agogo ba. Sai dai mako uku ban ga ko ɗan sauro a yanarsa ba, cikinsa ya fara motsewa. Na ɗage ragar taga don ƙwari su shigo. 'Yata ta gani.

"Haba Baba! Zazzaɓi kuke nema mana?" Ta mayar da ragar.

Ranar Talata sai ga ƙuda a dandamalin tagar kicin, ƙato, matacce. Murna kamar na tsinci zinariya. Na san irin su Maƙwabci ba sa kula abin da ba ya motsi, to amma ai ni malami ne, na san dabara. Na ɗora ƙudan a yana, na sa tsinken tsintsiya ina kaɗa zaren a hankali, kamar mai rai ne ke fafutuka. Ya taho da gudu, ya nannaɗe shi, ya kafa baki. Har tafi na yi, tsofai-tsofai da ni.

Washegari na same shi a ƙasa, ƙafafu a dunƙule. Sai a lokacin na tambayi kaina abin da ɗan aji ɗaya zai fara tambaya: me ya kashe ƙudan? Na je kicin. Ga gwangwanin maganin feshi a kan kanta. Kaico! Da hannuna na ba shi guba, har da lallashi.

Ina zaune a bakin gado da shi a tafin hannu, 'yata ta leƙo, waya a kunne. Ta ga fuskata, ta kashe wayar.

"Baba, lafiya? Rasuwa aka yi?"

Ta shigo ta zauna kusa da ni, ta dafa kafaɗata. Wata biyar ke nan da zuwana, yau ta fara zama a ɗakin nan. Na san da na buɗe hannu za ta yi dariya ta tashi. Sai na ƙara dunƙule shi.